Sarkin Musulmi Muhammadu Bello (1781–1837): Sarki Masanin Magani

1.0 Gabatarwa

Galibin ɗalibai sun san Muhammadu Bello a matsayin jarumin jihadi kuma shugaban daula. Kaɗan ne suka san shi a matsayin marubuci a fannin ɗibbu, wato ilimin cuta da magani. Wannan darasi zai bibiyi rayuwarsa ta wannan fuska.

2.0 Asalinsa da Mulkinsa

An haifi Bello a shekarar 1781. Ɗa ne ga Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, kuma ya yi karatu a gaban mahaifinsa da ƙanen mahaifinsa, Malam Abdullahi. Da shi aka yi hijira zuwa Gudu a 1804, shi ya jagoranci rundunar da ta ci Alƙalawa a 1808, sannan ya kafa birnin Sakkwato a 1809. Bayan rasuwar Shehu a 1817 aka yi masa mubaya'a, ya riƙe sarauta shekara 20.

Domin tsare iyakar daula daga hare-haren Gobirawa, ya kakkafa garuruwan ribaɗi. Mafi shahara shi ne Wurno, a kwarin gulbin Rima da ke gangarowa ta Goronyo. A nan ya tare, a nan kuma Allah ya yi masa rasuwa a watan Oktoba na 1837. Hubbarensa na Wurno har yau. Daga zuriyarsa ta Rabah aka sami Sardaunan Sakkwato, Ahmadu Bello.

3.0 Rubuce-Rubucensa kan Magani

Mazaunin ribaɗi a bakin fadama ba ya rabuwa da zazzaɓi da ciwon ido da ciwon ciki. Bello ya ɗauki lafiyar talakawa a matsayin amanar da ke wuyan shugaba. Ya wallafa littattafai da Larabci, daga ciki akwai Ɗibbul Hayyin, da Masugul Lujaini kan ciwon ido, da Alƙaulul Mansur kan basur, da kuma wata taƙaitacciyar risala kan amfanin filasko.

Abin lura a nan shi ne, ya haɗa magungunan da suka zo a hadisan Manzon Allah (SAW) da bayanan likitocin Musulunci na da, ya kuma rubuta su ta yadda malami zai karanta ya fassara wa jama'a. A wancan zamani, mai magani yakan ɓoye sirrin haɗinsa, ya gadar wa ɗansa kaɗai. Maganin da aka rubuta kuwa, kowa na iya bincikar asalinsa, ya gwada, ya karɓa ko ya bari.

4.0 Bello da Baƙin Turawa

A 1824 Baturen Ingila, Hugh Clapperton, ya iso Sakkwato. Bello ya karɓe shi da karamci, ya kuma nemi Sarkin Ingila ya aiko masa da wakili da likita su zauna a ƙasarsa. Tafiya ta biyu ta taso da likitoci biyu, Morrison da Dickson, amma babu wanda ya iso Sakkwato a cikinsu. Clapperton ya dawo a 1826 da kyautar littattafan Larabci, waɗanda Bello ya yi murna da su ƙwarai.

Duk da haka, Bello bai saki jiki ba. Labarin yadda Ingilishi suka mallake Indiya ya riga ya iso Sakkwato. Haka kuma ana yaƙi da Borno a lokacin, sai ga baƙon ɗauke da wasiƙa da kyaututtuka zuwa ga Shehu Alkanemi. Bello ya ƙwace wasiƙar, ya hana shi wucewa. Clapperton ya rasu a Sakkwato a watan Afrilu na 1827. Wato dai Bello ya bambance abu biyu: ilimin da baƙo ya zo da shi, da kuma manufar da ta kawo shi. Na farko ya neme shi da kansa, na biyu ya sa masa ido.

5.0 Darasi ga Zamaninmu

A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada sabon magani mai suna Trovan a Kano. Yara kusan 200 aka sa a gwajin, 11 suka rasu. Iyaye sun ce ba a bayyana musu cewa gwaji ne ba, kamfanin ya musanta laifi, daga bisani aka sasanta da gwamnatin Kano a 2009 kan dala miliyan 75. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu: wannan tabo na cikin dalilan ƙauracewa allurar shan-inna a 2003, abin da ya sa cutar ta sake bazuwa, ta nakasa yara da dama. Sai da sarakuna, ƙarƙashin jagorancin Sarkin Musulmi Sa'ad Abubakar, wanda jinin Bello ne, suka shiga aikin wayar da kai, kafin a tabbatar da kawar da ƙwayar cutar ta asali daga Afirka a 2020.

6.0 Kammalawa

Rayuwar Bello ta nuna cewa neman magani daga nesa ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Sharaɗinsa dai a san abin da ke cikin maganin, a san wanda ya kawo shi, a kuma nemi yardar wanda za a ba.

Auna Fahimta

1. Kawo littattafan Bello guda 3 kan magani.
2. Me ya sa Bello ya nemi likita daga Ingila, amma ya hana Clapperton zuwa Borno?