Sarkin Haɗeja Buhari: Mutumin da ya san inda tsaro ke ɓaraka

Idan aka ce Buhari, matasan yau tunaninsu sai ya tafi Daura. To amma fiye da shekara 160 da suka wuce an yi wani Buharin a Haɗeja, wanda sunansa kaɗai ya isa ya hana mutanen gabashin Kano barci. Shi ne Muhammadu Buhari ɗan Sarki Sambo, kuma tarihinsa na da abin da zai koya wa duk mai riƙe da waya a yau.

Mahaifinsa Sambo ne ya kafa sarautar Fulani a birnin Haɗeja a 1808. Bayan 'yan'uwansa Garko da Abdulƙadir sun yi gajeren mulki, Buhari ya hau karaga a 1848. Bai daɗe ba ya sa aka kashe ɗan'uwansa Nalara, Sarkin Auyo, wanda yake gani a matsayin kishiya. Labari ya kai Sakkwato, Sarkin Musulmi Aliyu Babba ya turo Waziri Abdulƙadir ya zo Katagum ya kira shi. Buhari ya ƙi miƙa wuya. A 1850 aka tuɓe shi aka naɗa ɗan'uwansa Ahmadu, shi kuma ya fice ya nufi wajen Machina.

Ahmadu na da garu, yana da ƙofofi, ga amincewar Sakkwato. Abin da ya rasa shi ne zukatan manyan mayaƙan garin, don da yawansu na tare da Buhari. Cikin shekara guda, a 1851, Buhari ya dawo ya ƙwace garin, Ahmadu kuma ya rasa ransa.

A 1853 aka haɗa babbar runduna daga masarautu daban-daban, Galadiman Kano Abdullahi yana jagoranta, wanda daga baya ya zama Sarkin Kano Maje Karofi. Sun fi Buhari yawa nesa ba kusa ba. Sai dai yawan ne ya sa suka saki jiki, suna ganin zai maƙale a bayan garu yana jiransu. Buhari ya fito ya auka musu a Kafur ta inda ba su zata ba. Tsoro ya shiga, kowa ya yi ta kansa, rundunar ta watse. Wannan shi ne Gamon Kafur da har gobe ake ba da labarinsa a Haɗeja.

Ku lura da abin da ya yi amfani da shi: na-gida da suka juya baya, sakin jikin mai ƙarfi, da firgicin da ke hana mutum tunani. Masana tsaron intanet na ta faɗin cewa da waɗannan abubuwan ake cin mutane a yau. A Yulin 2020 wasu samari suka ƙwace shafukan Twitter na manyan mutane, har da na Barack Obama. Kiran ma'aikatan kamfanin suka yi a waya, suka yi kamar abokan aikinsu ne, aka ba su hanyar shiga.

Haka yake a nan gida. Mai kira zai ce daga banki yake, wai za a rufe asusunka yanzu-yanzu in ba ka karanto lambar da aka turo maka ba. Firgici kenan. Wani zai ƙwace WhatsApp ɗin abokinka ya roƙe ka rance da sunansa. Amana kenan. Mai POS a kasuwar kifi kuma ya ga saƙon shigar kuɗi na bogi, ya miƙa kuɗi bai duba asusunsa ba, don a ganinsa shi ɗan gari ne, ba a yi masa wayo. Sakin jikin Kafur kenan.

Maganin ba wuya. In an gaggauta ka, tsaya. Kashe wayar ka kira mutumin ta lambar da ka sani, ko ka taka zuwa bankin da ƙafarka. Lambar sirrinka kuwa, ko ma'aikacin banki ba shi da hurumin tambayarta.

Buhari ba gwarzon da za a kwaikwaya ba ne ta kowace fuska. Hare-harensa sun tashi garuruwa da dama a gabashin Kano, an kashe mutane, an kama bayi. Sakkwato ba ta iya tanƙwara shi ba har ƙarshen rayuwarsa. A 1863 ya kai yaƙi ƙasar Bade, kuma a Gogaram ajali ya same shi. Mutumin da ya watsa rundunar masarautu ya faɗi a gaban mutanen da ba su kai su yawa ba. Saboda haka, ɗan'uwa, ranar da ka fara jin cewa kai ka wuce a damfare ka, ranar ce ya kamata ka ƙara kula.