Alhaji Alhassan Ɗantata (1877–1955) da Tsarin Cinikin Gyaɗa

Duk wanda ya yi wayo kafin 1970 a garuruwan da layin dogo ya ratsa, daga Kano zuwa Nguru, ba zai manta da dalar gyaɗa ba. Ɗaya daga cikin wuraren da suka yi suna da ita shi ne Malam Madori, watau tashar jirgin ƙasa ta ƙasar Haɗeja. A yau akan tuna da dalar nan a matsayin alamar arzikin da ya wuce, amma ba kasafai akan tambayi irin tsarin da ya tattaro waɗannan buhuna wuri guda ba. Amsar tana cikin tarihin attajirin da aka fi danganta dalar da shi, Alhaji Alhassan Ɗantata.

Asalinsa da Tasowarsa

An haifi Alhassan a Bebeji ta ƙasar Kano a 1877, cikin zuriyar Agalawa, waɗanda suka shahara da fatauci. Mahaifinsa, Madugu Abdullahi, jagoran ayari ne, ya kuwa rasu Alhassan yana ƙaramin yaro. Mahaifiyarsa, wadda ake yi wa laƙabi da Amarya, ita ma 'yar kasuwa ce, daga baya ta koma Ankara ta ƙasar Gana da zama. Renonsa ya faɗa hannun wata tsohuwa mai suna Tata, daga nan ne ya sami sunan Ɗantata. Ya yi karatun allo, yana kuma taɓa 'yan saye-saye da sayarwa don neman abin kai wa baka. Sa'ad da Yaƙin Basasa ya ɓarke a Kano a 1893, Bebeji ba ta tsira ba, har aka kama shi a cikin waɗanda aka kama, sai daga baya ya fanshi kansa. Maraici da wannan wahala su suka koya masa tattali da juriya.

Darasin Goro

Sana'arsa ta farko ita ce fataucin goro. A da, ayari yakan tashi daga ƙasar Hausa zuwa Gwanja da jakuna, ya shafe watanni yana yada zango, yana biyan fito, yana fama da 'yan fashi. Goro kuwa kaya ne mai saurin lalacewa, dole a riƙa kwance huhu ana tsince ruɓaɓɓe, ana yayyafa ruwa. Kowace rana da aka ƙara a hanya hasara ce. Alhassan yana cikin fataken farko da suka bar wannan hanya, suka riƙa ɗora goro a jirgin ruwa daga gaɓar tekun Gana zuwa Ikko, sa'an nan a yi arewa da shi. Ta haka jarin da a da yake juyawa sau ɗaya a shekara ya koma juyawa sau da dama. Abin da ya fahimta shi ne, riba ba ta tsaya ga bambancin kuɗin saye da na sayarwa kaɗai ba, tana kuma cikin gajarta lokacin da kaya suke yi a hanya.

Shigarsa Cinikin Gyaɗa

Dogo ya iso Kano a 1911, aka buɗe shi ga 'yan kasuwa a 1912. Turawa sun yi tsammanin auduga za su riƙa kwasa, amma manoma suka karkata ga gyaɗa, domin ta fi tsada, tana son jigawa, in kuma yunwa ta zo ana iya cinta. Masana'antun Turai kuwa suna neman manta ruwa a jallo don yin sabulu da man shafa wa burodi. Sai dai akwai matsala: gyaɗar tana warwatse a hannun dubban ƙananan manoma, kowa da ɗan buhunsa, Turawan kamfani kuma ba su san ƙauyuka ba, ba su jin harshe, ba su san wanda za su amince wa ba.

A 1918 Kamfanin Neja ya nemi Alhassan, wanda a lokacin ya riga ya zauna a Kano, ya zama mai saya masa gyaɗa. Bai ƙirƙiro sabuwar ƙungiya ba, sai ya juya tsohon tsarin fatake zuwa sabon aiki. Maigida yana birni da jari, yaransa suna warwatse a kasuwannin ƙauye, kowane yaro kuma yana da nasa dillalan da suka san manoma gida-gida. Tun kafin kaka akan raba wa yaran kuɗi, su kuma su ba da bashi ga manoman da suke cikin matsin damina, bisa alkawarin za a biya da gyaɗa. Saboda haka kafin wasu su fito da sikelinsu, kaso mai yawa na amfanin shekara ya riga ya sami mai shi. Bayan an cire gyaɗa, mata su ɓare ta a turmi, abin da yake rage nauyin da za a biya wa kuɗin dako, sa'an nan jakuna da raƙuma su kai ta wurin awo kusa da tasha. Ginshiƙin wannan tsari duka amana ce: yaron da ya cika alkawari a ƙara masa jari baɗi, wanda ya ci amana a janye hannu daga gare shi.

Kafin 1922 ya zama attajirin da ya fi kowa a Kano. Da Bankin Ingila na Afirka ta Yamma ya buɗe reshe a Kano a 1929, ya kai ajiyar kuɗin azurfa kayan raƙuma 20. A shekarar ce kuma aka haɗe Kamfanin Neja da wani kamfani aka kafa UAC, ya ci gaba da zama babban mai saya masa gyaɗa.

Dala da Dogo

A 1930 reshen dogo ya kai Nguru, ya ratsa Ringim da Gagarawa da Malam Madori. Ƙasar Haɗeja tana da fadamar kogi, inda ake noman shinkafa da kamun kifi, tana kuma da jigawa mai yashi wadda gyaɗa take so. Zuwan tasha ya gajarta wa manomanta tafiya, ya jawo kantuna da masu awo da 'yan dako, har Malam Madori ta bunƙasa ta zama matattarar gyaɗa.

A nan ne wata matsalar ta bayyana. Gyaɗa takan shigo gaba ɗaya cikin 'yan watannin kaka, jirgi kuwa yana ɗiba ne kaɗan-kaɗan zuwa Ikko, tafiyar mil wajen 700 daga Kano. Dala ita ce maganin wannan rata. Akan jera buhuna da faɗi a ƙasa, a riƙa tsukewa har ƙoli, yadda tarin ba zai rushe ba, ruwa kuma zai gangare daga kan tamfol, ba tare da an kashe kuɗin gina sito ba. Babbar dala takan ɗauki buhu har 15,000. Amma ya kamata a lura, dala kaya ne da suke jiran jirgi. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, sa'ad da aka yi ƙarancin kawunan jirgi da taragu, gyaɗar bara takan riski ta bana a tasha, ƙwari suna ci, kuɗi suna kwance. Ashe yawan dala yana nuna ƙwazon manomi da ɗan kasuwa, yana kuma tona gazawar sufuri.

Rasuwarsa da Abin da Ya Bari

Alhaji Alhassan ya rasu a Kano ran 17 ga Agusta, 1955. Kafin rasuwarsa ya gargaɗi 'ya'yansa kada su wargaza kasuwancin, suka kuwa ci gaba da shi da sunan kamfanin Alhassan Ɗantata da 'Ya'yansa. Daga cikinsu Sanusi da Aminu sun yi fice, Aliko Ɗangote kuma jikan Sanusi ne ta wajen uwa.

Dalar kanta ba ta daɗe ba bayansa. Farin da aka yi daga 1972 zuwa 1974, da kuturtar gyaɗa ta 1975, da karkatar hankalin hukuma ga man fetur, da lalacewar dogo, su suka share ta daga Kano da Malam Madori. Matsalar da ya warware kuwa tana nan: har yanzu amfanin gonar ƙasar Haɗeja, ko shinkafa ko riɗi, yana fitowa ne daga hannun ƙananan manoma a lokaci guda, yana bukatar mai tattarawa, da wurin ajiya, da hanyar fita. Wanda duk zai ɗauki wannan aiki, akwai abin koyi gare shi a rayuwar maraya ɗan Bebeji. Allah ya jiƙansa da rahama, amin.