Polly Hill (1914–2005): Masaniyar Tattalin Arziki da Ta Zauna da Manoman Batagarawa

An haifi Polly Hill a Ingila a shekarar 1914, a gidan da ilimi ya zama gado. Mahaifinta, A. V. Hill, ya sami lambar yabo ta Nobel a fannin nazarin aikin jikin ɗan'adam, kawunta kuwa shi ne John Maynard Keynes, shahararren masanin tattalin arziki. Ta kammala karatun tattalin arziki a Kwalejin Newnham da ke Jami'ar Cambridge a 1936. Bayan ta yi aikin gwamnati a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, sai ta koma aikin jarida a mujallar West Africa.

A 1954 ta karɓi gurbin bincike a kwalejin jami'a ta ƙasar da ake kira Gana a yau. A nan ta fahimci cewa alƙaluman da ake tarawa a ofis ba su bayyana yadda manomi yake rayuwa, don haka ta shiga ƙauyuka da ƙafarta. Littafinta na 1963, The Migrant Cocoa-Farmers of Southern Ghana, ya nuna cewa manoman koko 'yan jari-hujja ne masu sayen ƙasa da zuba dukiya. Ta kuma nazarci cinikin shanu a Kumasi, inda maigida mai saukar da fatake da dillali suke riƙe da ragamar kasuwa, tsarin da Hausawa suka daɗe da saninsa.

Bayan ta koma Cambridge a 1965, hankalinta ya karkata ga ƙasar Hausa. A 1967 ta zauna a Batagarawa, kudu da birnin Katsina, tana bin gidajen manoma ɗaya bayan ɗaya. Sakamakon wannan zama shi ne Rural Hausa, wanda ya fito a 1972. A zamanin, masana raya ƙasa sun ɗauka cewa manoman Afirka duk ɗaya suke, kuma inda ƙasar noma ta wadata babu mai yi wa wani nisa. Hill ta rushe wannan zato. Ta kasa magidantan garin kashi huɗu gwargwadon ƙarfinsu, ta nuna cewa wani yana kai hatsinsa har damina ya sayar da tsada, wani kuwa rumbunsa ya ƙare tun kafin shuka. Irin wannan talaka dole ya tafi ƙwadago a gonar wani domin abincin yini, ya bar tasa ciyawa ta cinye, talaucin bana ya haifi na baɗi.

Ta ba da muhimmanci ga abin da a yau ake kira tattalin muhalli. Ta bayyana cewa gonakin karkara ana noma su kowace shekara ba hutu, taki ne ke riƙe da albarkarsu, saboda haka mai dabbobi da jakin ɗaukar taki ya fi maras su amfanin gona. Ta yi bayanin gandu tsakanin uba da 'ya'yansa, da kuma cinikin da mata ke yi daga cikin kulle ta hannun yara masu talla. Kashi na biyu na littafin sharhi ne a kan kalmomin noma da ciniki na Hausa, wanda har yanzu masu nazarin harshe suke amfana da shi.

Daga 1971 zuwa 1972 ta yi bincike a Ɗorayi, kusa da birnin Kano, inda yawan jama'a ya matse gonaki, ta wallafa shi a 1977. Daga baya ta kwatanta manoman hatsi na ƙasar Hausa da na Karnataka a Indiya cikin littafin da ya fito a 1982. A 1986 ta fitar da Development Economics on Trial, inda ta tuhumi fannin da ta taso a cikinsa da dogaro ga alƙaluman da ba su da tushe.

Ta rasu a 2005. Ga mai son nazarin noman gero da dawa a arewacin Jihar Katsina, daga Batagarawa har zuwa masarautar Daura, ayyukanta suna nan a matsayin ma'aunin da ake gwada sauye-sauyen da suka biyo baya.