Marigayi Abdallah ag Umbadugu, makaɗin Abzin

An haifi Abdallah ag Umbadugu a wajajen shekara ta 1962 a dajin jihar Agadas, cikin gidan Abzinawa makiyaya. Yana da shekara 16 ya sayi jitarsa ta farko, ya koya wa kansa kiɗa ba tare da malami ba.

Farin 1984 ya hallaka bisashe masu ɗimbin yawa a arewacin Nijar. Samari suka watsu neman abinci, Abdallah ya bi sahunsu zuwa Aljeriya, daga can ya shiga Libiya. Waɗannan samari su ne ake kira ishumar, kalmar da aka aro daga Faransanci, wato marasa aikin yi. A zaman gudun hijirar nan aka haifi wani sabon kiɗa: jita mai aiki da lantarki irin ta makaɗan rok na Turai da Amurka, amma da harshen Tamashek, bisa amon tande na mata. A 1987 Abdallah ya kafa ƙungiyarsa, Takrist n Akal, ma'ana gina ƙasa.

Bayan abin da ya auku a Cintabaradan cikin watan Mayu na 1990, tawaye ya ɓarke. Abdallah ya ɗauki bindiga, bai kuwa ajiye jita ba. Hukuma ta hana waƙoƙinsa, wanda duk aka kama da kaset ɗinsa yana iya kwana a kaso. Hanin bai yi amfani ba. Ana ɗaukar waƙoƙin a ƙaramin rakoda, wannan ya kwafa ya miƙa wa wancan, har su kai duwatsun Abzin, wajen Iferwan da Timiya, inda jarida ba ta isa. Ba a ɓoye ba, waƙoƙin kiran yaƙi ne, sun kuma ja samari da dama zuwa daji.

Ran 24 ga Afrilu 1995 aka sa hannu kan yarjejeniyar zaman lafiya a Yamai. Sa'an nan ne Abdallah ya tattara abokan kiɗansa, suka hau dandamali a babban birni, a bainar jama'a. Mutanen da jiya ake farautar muryarsu, yau ga su ana tafa masu. Daga nan waƙarsa ta koma kan sulhu da neman ilimi. A ƙasar Benin ya ɗauki faifansa mai suna Anou Malane, wanda kamfanin Sahel Sounds na Amurka ya sake fiddawa a 2019.

Aikin da ya fi ba shi wuya shi ne na makaranta. Ya buɗe gidan koyon kiɗa a Arlit, daga baya wani a Agadas, domin yara su samu sana'a, alhali kayan kiɗa suna da tsada, masu taimako kuwa kaɗan ne. A 2005 waɗansu makaɗa daga Faransa, cikinsu har da Guizmo na ƙungiyar Tryo da Amazigh Kateb, suka haɗu da shi suka kafa Desert Rebel. Faifansu ya fito a 2006, suka zaga Turai da shi. Shekara guda bayan haka, cikin Fabrairu 2007, aka kai hari a Iferwan, tawaye na biyu ya soma, baƙi masu yawon buɗe ido suka ƙaurace wa Abzin.

Bombino da Mdou Moctar, waɗanda suka kai kiɗan Agadas har Amurka, a kan turbar da ya share suka taso. Allah ya yi masa rasuwa cikin watan Janairu na 2020.