Dorugu, Yaron Damagaram Da Ya Koya Wa Turawa Hausa

A filin tarihin magabata na wannan fitowa mun ɗauko labarin wani mutum wanda bai taɓa zama ɗan Ekklisiyar Katolika ba, amma duk wanda ya buɗe Littafi Mai Tsarki da Hausa, ko a Malumfashi, ko a Funtuwa, ko a ƙauyukan da ke kewaye da su, yana cin moriyar wahalarsa. Sunansa Dorugu, ɗan Kwage Adamu.

An haife shi wajen shekara ta 1840 a wani ƙauye mai suna Dambanas, kusa da Kance, cikin ƙasar Damagaram, wadda yau take cikin Jamhuriyar Nijar. Mahaifinsa manomi ne kuma makaɗi, sunan mahaifiyarsa Kande. Gida ne irin namu, na fartanya da rumbu. Yana da shekara goma sha ɗaya ko sha biyu mayaƙa suka auka wa garinsu, aka kora mutane zuwa birnin Zinder, a can aka raba shi da mahaifinsa. Daga hannu zuwa hannu ya kai Kukawa, babban birnin Barno a wancan zamani, yana bawan wani Balarabe.

Mu mutanen kudancin Katsina ba ma bukatar a fassara mana wannan. A ranar 11 ga Disamba 2020 aka kwashe ɗalibai fiye da 300 daga makarantar Ƙanƙara, nan maƙwabtanmu, kuma iyaye da yawa a yankin nan sun san zaman jiran ɗan da aka tafi da shi daji. Abin da ya sami gidan Kwage Adamu ke nan, sai dai a zamaninsa akwai kasuwa a fili wadda ake kai yaron, kuma doka ta yarda.

A Kukawa ne ya haɗu da Turawa biyu 'yan Jamus waɗanda gwamnatin Ingila ta aiko su binciken ƙasashen Sudan, wato Heinrich Barth, wanda mutane suka sani da Abdulkarim, da abokin tafiyarsa Adolf Overweg, wanda Dorugu yake kira Tabib. Overweg ne ya fanshe shi, shi da wani saurayi Bamargi mai suna Abbega, ya 'yanta su. Bai daɗe ba zazzaɓi ya kashe shi a bakin Tafkin Cadi cikin Satumba 1852, sai Barth ya ɗauki yaran biyu cikin ayarinsa.

Tafiyar da ta biyo baya ko babban fatake zai jinjina mata. Sun bar Kukawa a ƙarshen 1852, suka bi ta Zinder, suka sauka birnin Katsina a farkon 1853, zamanin Sarki Muhammadu Bello. Daga nan sai Wurno da Sakkwato wurin Sarkin Musulmi Aliyu Babba, sai Gwandu, suka haye Kwara a Sayi, suka shiga Tambutu cikin Satumba 1853, inda Shehu Ahmadul Bakkay ya tsare ran Barth watanni da dama. Suka komo ta Kano zuwa Kukawa, suka ratsa Sahara zuwa Tarabulus, suka shiga jirgin ruwa ta Malta da Marsel, suka ratsa Faransa, suka isa Landan cikin Satumba 1855. Yaron da aka fitar daga ƙauyensu da igiya ya ga duk wannan yana da kamar shekara goma sha biyar.

A nan ya kamata mu dakata mu ga yadda Turawa suke samun sanin Hausawa kafin wannan lokaci, gama shi ne zai nuna mana darajar abin da Dorugu ya yi. Yawancin abin da suka sani daga bakin bayi suka ji shi, a ƙasashen da bauta ta watsa su. A Bahiya ta ƙasar Barazil akwai Hausawa masu yawa, har sun shirya tawaye a 1807, kuma ƙaramin jakadan Faransa a can, Francis de Castelnau, ya zauna da waɗansunsu yana tambayarsu garuruwa da koguna da hanyoyin ƙasarsu, ya buga abin da suka gaya masa a 1851. A Saliyo kuwa, inda jiragen Ingila suke sauke bayin da suka ƙwato a teku, wani mai wa'azi Sigismund Koelle ya tattara kalmomin harsuna fiye da ɗari daga bakin 'yantattun bayi, ya buga su a 1854, har da Hausar Kano da ta Katsina. Ilimin da jami'o'i suke taƙama da shi yau game da al'ummun Afirka da 'ya'yanta na ƙetare, harsashinsa mutanen da aka sayar ne suka ɗauko shi a ka.

A Saliyon nan ne wani mai wa'azi na ƙungiyar C.M.S. ta Angilikan, James Frederick Schön, shi ma haifaffen Jamus, ya fara koyon Hausa. Ya bi tawagar da ta hau Kwara a 1841 tare da Samuel Ajayi Crowther, ya buga ɗan littafin kalmomin Hausa a 1843, sa'an nan rashin lafiya ya mai da shi Ingila, ya zauna a Chatham. Ƙafarsa ba ta taɓa taka ƙasar Hausa ba. Saboda haka da ya ji Barth ya zo da yara masu jin Hausa, bai yi sanya ba. A farkon 1856, an riga an shirya mai da su gida, ya shawo kansu suka zauna a gidansa. Barth ya ji haushin wannan ƙwarai, kuma muna ganin yana da hujja, domin shi ya ɗauki alkawarin mai da su. Abin da ba mu ga an dame shi da shi sosai ba shi ne ra'ayin yaran kansu, waɗanda manyan malamai biyu suke ja-in-ja a kansu.

An yi musu baftisma, Dorugu ya karɓi suna James Henry. Abbega ya komo Afirka a 1857, daga baya har ya yi sarautar Lakwaja. Dorugu kuwa ya zauna shekara takwas. Aikinsu shi ne, yaro ya yi ta magana, dattijo yana rubutawa da baƙaƙen boko. Ya ba shi tatsuniyoyi, da labaru, da kalmomi, ya kuma ba shi labarin ransa tun daga Dambanas har Landan. A cikin shekarun nan ne Schön ya fitar da Bishara ta hannun Matiyu da Hausa a 1857, da littafin Farawa da Bishara ta hannun Luka a 1858, da Fitowa a 1859, sa'an nan nahawun Hausa a 1862. Ƙamus ya biyo baya a 1876, da littafin Magana Hausa a 1885, wanda a cikinsa labarin Dorugu yake. Schön da kansa ya shaida cewa yaron Bahaushe ne na asali, mai Hausa mai daɗi.

Mai karatu ya tsaya ya yi tunani a kan littafin Farawa. Cikinsa akwai labarin Yusufu, wanda aka sayar wa ayari, aka kai shi baƙuwar ƙasa. Sa'ad da ake neman kalmomin Hausa da za a faɗi wannan, wanda yake zaune kusa da mai fassara yaro ne da aka yi cinikinsa a kasuwa.

Gaskiya ne fassarorin nan ba su yaɗu a ƙasar Hausa ba. Hausar yaro ce ta Damagaram, ta bi ta kunnen Bajamushe, an rubuta ta da ƙa'idar da ba mu amfani da ita yanzu. Sai a 1932 aka sami cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa, ƙamus ɗin Bargery kuma a 1934. Amma waɗanda suka yi wannan aiki ba su fara daga fili ba, sun tarar an yi sharar gona. Labarin ransa kuma yana cikin rubutattun zube mafi tsufa da muke da su da boko, kuma a ciki Bahaushe ne yake kallon Turawa, yana bayyana yadda suke zaman cin abinci da sauran al'adunsu, kamar yadda Barth ya yi ta bayyana namu. Schön ya sami lambar yabo ta Volney daga Faransa a 1877, Jami'ar Oxford ta ba shi digirin girmamawa a 1884. Dorugu bai sami ko ɗaya ba.

Mu Katolika muna da namu tarihi a ƙasar nan. Limamai biyu 'yan Faransiskan sun ratso Sahara daga Tarabulus, suka rasu a Katsina a 1711, ba su bar ikilisiya ba. 'Yan Dominikan sun zo yankin Sakkwato cikin shekarun 1950, aka kafa makarantar horar da katikis a Malumfashi, har a 2023 aka yanke Dayosis na Katsina, aka naɗa ɗan Malumfashi, Gerald Mamman Musa, Bishop na farko. Duk wannan aiki da Hausa aka yi shi, Hausar da ake karantawa a takarda. Idan wani ya ce mana addu'a da Hausa baƙon abu ne na jiya jiya, sai mu tuna masa an buga Bishara da harshen nan shekara 46 kafin Turawa su ci Kano a 1903.

Dorugu ya komo a 1864. Ya yi tafinta a Lakwaja, ya yi wa matafiya da masu wa'azi da jami'an Turawa aiki shekaru masu yawa. Da tsufa ya zo ya sami wuri a makarantar da Hanns Vischer, wato Ɗan Hausa, ya buɗe a Nasarawa ta Kano a 1909, yana koya wa ɗalibai karatun boko. A can ya rasu a 1912. Matar Ɗan Hausa, Isabelle, ta rubuta cewa a cikin kayan da ya bari an tarar da tabarau masu yawa da kuɗin da ya adana. A 1971 malamai biyu, Anthony Kirk-Greene da Paul Newman, suka fassara labarinsa zuwa Turanci suka buga a Amurka, tare da na Maimaina, jikan Abbega. Gidan Ɗan Hausa yana nan a Kano, an mai da shi gidan tarihi.