Al-Khwarizmi: Masanin Bagadaza da ya ɗauki saiwa ɗaya ya bar ɗaya

An haifi Muhammad bin Musa al-Khwarizmi a wajajen shekarar 780 Miladiyya. Laƙabinsa na nuni da yankin Khwarizm da ke kudu da Tekun Aral a tsakiyar nahiyar Asiya, amma a Bagadaza ya yi aikin da ya ɗaukaka sunansa. Zamanin Halifa al-Ma'amun ne, wanda ya yi mulki daga 813 zuwa 833, lokacin da fadar Abbasiyawa ke tara masana a Baitul Hikma domin nazarin ilimin Girkawa da Farisawa da Indiyawa.

A wajajen 820 ya wallafa littafinsa kan hisabin jabr da muƙabala, wanda daga sunansa aka samo kalmar aljabra. Babu alamun lissafi a cikinsa, komai da zance ya bayyana shi. Adadin da ake nema ya kira shi jizr, wato saiwa. Abin da ake samu idan aka ninka saiwar da kanta kuwa ya kira shi mal, wato dukiya.

Shahararren misalinsa shi ne na dukiyar da idan aka haɗa ta da saiwarta goma za a sami 39. Ya raba goma biyu ya sami 5, ya ninka 5 da kanta ya sami 25, ya tara da 39 suka zama 64. Saiwar 64 ita ce 8, da ya ɗebe 5 sai ya rage 3. Sannan ya tabbatar da amsar da zane: fili mai kusurwa huɗu da aka cike gurbinsa har faɗinsa ya kai 64, kowane gefe 8.

A nan ne mai karatu na yau zai tsaya. Idan aka ninka −8 da kanta, ita ma 64 take bayarwa, kuma ta wannan hanya akwai amsa ta biyu, wato −13. Al-Khwarizmi bai waiwaye ta ba. Ba ƙyamar amsa biyu yake yi ba, domin a wani misalin ya karɓi 3 da 7 tare, tun da dukansu suna sama da sifili. Dalilin yana cikin mutanen da ya rubuta wa littafin: alƙalai masu rabon gado da wasiyya, da 'yan kasuwa, da masu awon ƙasa. Gefen gona ba ya yin ƙasa da sifili, haka ma rabon magaji. Shi ya sa ya kasa matsalolinsa gida shida, duk don kada a sami adadin da ya gaza babu. Hukunci ne mai ma'ana a muhallinsa, ko da yake Brahmagupta na Indiya ya riga ya shimfiɗa ƙa'idojin lambobin bashi tun a 628.

Ya kuma yi rubutu kan lambobin Indiya da jadawalin taurari da taswirar duniya, kafin rasuwarsa a wajajen 850. A 1145 Robert na Chester ya fassara littafin aljabrar zuwa Latin.

Daga baya lissafi ya karɓi lambobin da ke ƙasa da sifili, amma zaɓin al-Khwarizmi bai ɓace ba. Alamar √, wadda Christoph Rudolff ya buga a littafinsa a 1525, a yau saiwar da ba ta ƙasa da sifili kaɗai take nufi. Saboda haka √9 daidai yake da 3 kawai, alhali tambayar wace lamba ce ninkinta da kanta ke ba da 9 tana da amsa biyu, 3 da −3. Nan ne ɗalibai kan yi tuntuɓe a jarrabawa, su ɗauka √(x²) ko da yaushe x ne. Amsar ita ce |x|, wato tazarar lamba daga sifili ba tare da duba ɓangaren da take ba, alamar da Karl Weierstrass ya shigo da ita a 1841. Idan aka ninka −13 ɗin nan da kanta za a sami 169, kuma √169 ba −13 zai mayar ba, 13 ne.