Sadi Karno, Mai Binciken Zafi

Cikin masanan da muka karanta, babu wanda ya ba ni tausayi kamar Sadi Karno, injiniyan sojan Faransa, haihuwar 1796. Sunan Sa'adi, mawaƙin Farisa, ubansa ya raɗa masa. A 1824 ya buga ɗan littafi, ya nuna inji ba ya aiki sai zafi ya gangara zuwa wuri mai sanyi. Shi ya sa motar Birnin Kudu zuwa Gwaram take zubar da yawancin zafin fetur ɗinta a iska. Kaɗan ne suka kula littafin. Kwalara ta kashe shi a 1832, yana shekara 36.